Wannan 2 ɗin daga ina ya fito? Tsagewar ƙarfe da lissafin gado

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa, sannunku da aiki. Ina shekara ta biyu a karatun kanikanci a nan Damagaram. Ranar Litinin aka maido mana takardun gwaji, sai na tarar tambayar da na ɗauka na cinye, ita ce ta cinye ni.

Ga tambayar. Tol ne mai faɗi, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ana jansa da ƙarfin 150 MPa (megapaskal, ma'aunin ƙarfin ja). A tsakiyarsa akwai tsaga mai tsawon milimita 20. A nemo K, wato ma'aunin tsananin ƙarfin da ke taruwa a bakin tsaga. Formil ɗin kuwa na haddace shi kamar Fatiha: K = σ√(πa), σ ƙarfin jan ne, a kuma girman tsagar. Na mai da milimita 20 zuwa mita 0,02, na buga, na samu 37,6. Mushe, wato malaminmu, ya ja jan biro a kai, ya rubuta «2a!» kawai, ya sa 26,6 a gefe. Na raba nawa da nasa na samu 1,41, wato rasin na 2 (√2). To na gane rabin tsawon ake so, amma don me? Ƙarfe ya tsage milimita 20, sai a ce in yi kamar 10 ne? Sannan a formil ɗin Griffith, σ = √(2Eγ/πa), ga wani 2 ɗin kuma a sama. Shi ne wancan ya sake riga, ko wani ne daban?

Abin da ya sa na haɗa da tambaya ta biyu, tebur ɗaya muke karatu da ƙanwata a zaure, ita tana shekarar farko a ilimin halittu. Jiya na same ta tana faɗa da nata: r = ½(1 − e^(−2d)). An ce mata d tazara ce tsakanin ƙwayoyin gado biyu a kan kuromozom, r kuma kason ƴaƴan da suka fito da sabon haɗi. Ta sa 20 ta samu 0,5. Ta sa 35 ta samu 0,5. Ta sa 60, nan ma 0,5. Har ta fara zargin na'urar lissafina ce ta lalace. Na karɓa da ƙafafa irin na babban wa, na buga, ni ma 0,5 ɗin. Girma ya faɗi a gaban yarinya.

Ita ma nata akwai 2 a sama, ga ½ a gaba. Ba amsar aikin gida nake roƙo ba, wannan ya wuce. So nake in san me waɗannan lambobin suke faɗi. (Mu nan waƙafi muke sawa inda ƴan'uwanmu na Najeriya suke sa ɗigo, kada 37,6 ya rikita wani.)

Mai Walda Sabon Gari ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni boko na bai kai can ba, amma shekara goma sha bakwai ina gyaran kurar ƴan ga-ruwa da tankuna da ƙafar amalanke, bari in faɗi abin da hannu ya sani.

Tsaga ba tsawonta ke cizo ba, bakinta ne. In ta fito a tsakiyar tanki, baki biyu gare ta, kowanne yana tafiya nasa waje. In daga gefe ta taso, baki ɗaya ne, kuma ta fi saurin ci. Ka je Kasuwar Dole ka tsaya wurin mai yadi. Ba ya yanka yadin duka, ɗan gefe yake ƙyasta wa almakashi, ya ja da hannu biyu, fiiit. Ka ce masa ya yage ba tare da ƙyastawar nan ba, ka ga yadda zai yi gumi.

Mu in an kawo tanki ya fara tsagewa, kafin a ɗora wuta sai mun nemi inda tsagar ta tsaya, mu huda ɗan rami daidai wurin da mahudi. Maigidana da ya koya mini bai taɓa gaya mini dalili ba, cewa kawai yake «kashe mata baki». Wanda ya yi gaggawa ya lulluɓe da walda a sama, bayan wata biyu mai kura zai dawo masa da zagi. In akwai mai ilimin da zai gaya mini abin da ramin nan yake yi a lissafi, ni ma na ƙaru.

Tsohon Mushe ya rubuta:

Ɗana, malaminka yana da gaskiya, sai dai ya yi maka rowar tawada. Kuma mai walda ya riga ya ba ka rabin amsa: K ba na tsaga ba ne gaba ɗayanta, na baki ɗaya ne. Waɗanda suka warware lissafin sun kafa sifiri a tsakiyar tsagar, baki ɗaya yana +a, ɗayan yana −a, tsawon duka ya zama 2a. Saboda haka ga tsagar tsakiya a rabi ne. Ga tsagar gefe kuwa a shi ne zurfin duka, har ma ana ƙara ninki 1,12 a gaba, don gefen a sake yake, ba abin da ya riƙe shi. Da tsagarka ta milimita 20 daga gefe ta shigo, da K ya zama 1,12 × 37,6, wajen 42. Ka ga tsawo ɗaya, ƙarfe ɗaya, ja ɗaya, amma 26,6 a tsakiya, 42 a gefe. Harafin a ba ya da ma'ana sai an duba zanen da ke kusa da shi, kuma yawancin ɗalibai formil suke kwafa su bar zanen a allo.

Na Griffith wani 2 ne daban, kuma labarinsa ya fi daɗi. A. A. Griffith injiniya ne a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila, aikin nasa ya fito a 1921, da gilashi ya yi gwaji. Abin da ya dame shi: in aka yi lissafin ƙarfin da ke riƙe da ƙwayoyin zarra, ya kamata gilashi ya fi yadda muke gani ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ya ja zaren gilashi siriri sai ya ga yana ƙara ƙarfi gwargwadon sirantarsa. Ya ce to, ashe ƙananan tsagogi ne da ido ba ya gani suke karya shi.

Sai ya mai da maganar ciniki. Ƙarfen da aka ja kamar roba ce a miƙe, akwai kuzari ajiye a cikinsa. In tsaga ta buɗe, naman da ke kewaye da ita ya saki, kuzari ya fito, adadinsa πσ²a²/E, E kuwa ma'aunin yadda ƙarfen yake ƙin miƙewa ne. Wannan ita ce riba. Amma buɗe tsaga ba kyauta ba ne, sai an biya kuzari γ a kan kowane murabba'in sabuwar fuska. Ka fasa ƙwarya ka duba: tsaga ɗaya, fuska biyu, ta sama da ta ƙasa. Kowacce tsawonta 2a, kuɗin ya zama 4aγ. Yanzu lura da kyau, riba tana tafiya da a², kuɗi yana tafiya da a kawai. Tsaga ƙarama ba ta iya biyan kuɗin ƙara tsawo, sai ta zauna. Akwai tsawon da in ta kai, ƙarin riba ya fi ƙarin kuɗi, daga nan ba mai tsayar da ita. Ka ɗauki deribe na kowanne a kan a, wato saurin ƙaruwarsa in a ya ƙaru, ka daidaita su: 2πσ²a/E = 4γ. Ka gyara, σ² = 2Eγ/πa. Wannan 2 ɗin da ya rage na fuska biyu ne, 2γ. Rasin ɗin ma ba daga sama ya faɗo ba, kuzarin da ke ajiye yana tafiya da σ², shi ya sa in za ka koma σ dole ka cire rasin.

Abin da nake so ka riƙe ya fi jarrabawa shi ne juya formil ɗin: a = (1/π)(K_Ic/σ)². K_Ic shi ne iyakar K ɗin da abu yake jurewa kafin tsaga ta tafi. Ce ƙarfenka K_Ic nasa 50 ne. A 150 MPa, a na haɗari milimita 35 ne, wato tsagar tsakiya mai milimita 70 da ɗoriya. Ka ninka kayan zuwa 300, a ba rabi zai koma ba, kashi ɗaya cikin huɗu zai koma, ƙasa da milimita 9. Direban da ya ce «ai ninki ɗaya kawai na ƙara» bai san da wannan murabba'in ba. Gilashi kuwa K_Ic nasa bai kai 1 ba, wajen 0,75. A 50 MPa, ƙarzanen da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba ya isa. Shi ya sa mai yankan gilashi layi kawai yake ja, ya ɗan danna.

K ɗin kansa ba Griffith ya kawo shi ba, George Irwin ne na Amurka a 1957, bayan an gane cewa a ƙarfe yawancin kuzarin ba a sabuwar fuska yake tafiya ba, a lanƙwasar naman bakin tsagar ne. Kuma a nan iyakar formil ɗin take: yana aiki ne in wurin da ya lanƙwasa ɗan ƙarami ne a kan tsawon tsagar da kaurin ƙarfen. Tol siriri mai laushi yakan miƙe ya lotsa kafin ya karye, a can K kaɗai ba ya wadatarwa.

Malam mai walda, taka amsar ta girmi duk waɗannan. C. E. Inglis, 1913: ƙarfin da ke taruwa a baki shi ne σ(1 + 2√(a/ρ)), ρ kuwa shi ne rabin faɗin zagayen bakin. Tsaga mai a na milimita 10 da baki tsini kamar allura, ce ρ = 0,01, ninkin ya haura 60. Ka huda rami mai faɗin milimita 10, ρ ya zama 5, ninkin ya sauko wajen 4. Maigidanka ya faɗi daidai, baki ake kashewa. Sai dai in mahudin ya kuskure ainihin ƙarshen tsagar, aikin banza ne, don sau da yawa tana wuce inda ido ya tsaya. Manyan ƙasashe ma sun biya kuɗin wannan karatun. A yaƙin duniya na biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa na Liberty 2710 da walda maimakon ƙusoshin rivet, da dama suka tsage a ruwan sanyi, tsagar takan taso daga kusurwar ƙofar kaya mai lungu huɗu. Jirgin dakon mai Schenectady ma a tashar Portland ya rabe biyu a Janairun 1943, yana tsaye ba ko igiyar ruwa. Constance Tipper ta Kambirij ta nuna cewa irin ƙarfen ne yake zama kamar kasko in sanyi ya yi yawa.

Na ƙanwarka na bar wa masu shi, ni gero a tuwo kawai na san shi.

Ɗan Birni ya rubuta:

Allah ya saka da alheri Baba, na kwafe shi a littafi har da zanen wannan karon. Abu ɗaya ya rage: ma'aunin nan MPa√m. Rasin na mita wane irin abu ne? Mita na sani, murabba'in mita na sani.

Tsohon Mushe ya rubuta:

Ba abu ba ne da za ka auna da igiya. A gaban bakin tsaga, ƙarfin ja yana raguwa kamar K/√(2πr), r nisanka daga bakin. Don a raba K da rasin na tsawo a samu MPa, dole K ya ɗauko √m a jikinsa. Amfaninsa gare ka shi ne gargaɗi: in ka sa milimita kai tsaye za ka samu 841 maimakon 26,6, bambancin √1000 ne, wato 31,6, ba 1000 ba.

Ƴar Mirriah ta rubuta:

Sannu Baba Mushe, ka bar mini mai sauƙin. Ni aikin zaɓen iri na karanta, gero da wake.

Ɗan Birni, ka ba ƙanwarka haƙuri, ka kuma wanke na'urarka daga zargi. Ciwonku ɗaya da ita: ma'auni. A formil ɗin nan nata, na Haldane, d da morgan ake sa shi, wato ma'aunin tazara a kan kuromozom, ba da santimorgan ba, wanda shi ne kashi ɗaya cikin ɗari na morgan. Santimorgan 20 shi ne 0,2. Ita ta sa 20, na'ura ta lissafa e^(−40), wanda kusan sifiri ne, sai ½ ya rage tsirara. Ta sa 0,2 za ta ga 0,165. Ta sa 0,6 za ta ga 0,349. Ta sa 1, wato santimorgan 100, za ta ga 0,432. Yana hawa yana rage gudu, ba zai taɓa taɓa 0,5 ba.

Yanzu ma'anar. Gero yana da kuromozom 14, bakwai daga uwa bakwai daga uba. Lokacin da tsiro zai yi garin fure da ƙwan iri, kowane na uwa yakan kwanta jikin takwaransa na uba, su karye a wuri ɗaya, su yi musayar gutsure, su sake haɗewa. Ku naku ƙarfen in ya karye ya karye, namu karyewar ce sana'arsa. Harriet Creighton da Barbara McClintock ne suka nuna a masara a 1931 cewa gutsuren da gaske yake sauya wuri, ba lissafi ba ne kawai.

Matsalar ita ce ba ma ganin musayar, ƴaƴa kawai muke ƙirgawa. Ki ɗauka, ƙanwata (da ke nake yanzu, yayanki ya miƙa miki wayar), yaro mai tallar ruwa a bakin tasha yana tsallaka kwalta. Kin gan shi da safe a hannun gabas, kin dawo da azahar. In yana yamma, ya tsallaka sau ɗaya, ko uku, ko biyar. In yana gabas, ko bai motsa ba, ko ya tsallaka sau biyu ya dawo. Ke dai gefen da yake kawai kika gani. d shi ne matsakaicin yawan tsallakawa, r shi ne sau nawa za ki same shi a ɗaya gefen. In lokacin gajere ne, da wuya ya tsallaka fiye da sau ɗaya, r da d kusan ɗaya suke: d = 0,01 yana ba da r = 0,0099. In wuni guda ne, ya yi ta kai da kawowa, sanin inda ya fara ba ya gaya miki komai, canki-canka ne, rabi da rabi. Ga ½ ɗinki. Shi ya sa ƙwayoyin gado biyu da ke nesa a kan kuromozom ɗaya suke yi kamar ba su san juna ba, daidai da waɗanda ke kan kuromozom daban.

J. B. S. Haldane a 1919 ya ɗauka musayar tana faɗowa ne barkatai, wata ba ta damu da wata ba, abin da masu lissafi ke kira rabon Poisson. Ya tara yiwuwar sau 1, sau 3, sau 5 har abin da ya yi sama, jimlar ta ba da ½(1 − e^(−2d)). Amma ga hanyar da ta fi nuna mini 2 ɗin a zahiri. Lokacin musayar kowane kuromozom ya riga ya ninka kansa, zare huɗu ne kwance, ba biyu ba. Kowace mahaɗa, wato wurin da aka yi musayar, zare biyu kawai take taɓawa cikin huɗun. Don haka in matsakaicin musaya a zare ɗaya d ne, matsakaicin mahaɗa a dunƙulen huɗun 2d ne. e^(−2d) shi ne yiwuwar ba a samu mahaɗa ko ɗaya ba tsakanin wuraren biyu. Cire shi daga 1, kin samu yiwuwar an samu aƙalla ɗaya. In kuwa an samu, a matsakaici rabin zaren ne ke fitowa da sabon haɗi. Karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami, sai ya zama jimla.

A aiki juya shi muke yi: d = −½ ln(1 − 2r). Ce kin shuka tsiro 400, 80 suka fito da sabon haɗi, r = 0,2. Wanda ya yi gaggawa zai ce santimorgan 20. Haldane ya ce 25,5, saboda akwai masu tsallakawa biyu da suka ɓuya. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a tara r da r. In A zuwa B 0,2 ne, B zuwa C 0,2, to A zuwa C ba 0,4 ba ne, 0,2 + 0,2 − 2(0,2 × 0,2) ne, wato 0,32. d kuwa ana tara shi kamar kilomita. Alfred Sturtevant, da ya zana taswirar ƙwayoyin gado ta farko a ƙudan ƴaƴan itace yana ɗalibi a ɗakin binciken Thomas Hunt Morgan, aka buga a 1913, ya lura da haka: tazara mai nisa kullum tana fitowa ƙasa da jimlar gajerun.

Ni dai ban cika son na Haldane ba in ana maganar tsiro na gaske. Musaya ɗaya takan hana wata faɗowa kusa da ita, ba barkatai ba ne kamar yadda ya ɗauka. D. D. Kosambi, masanin lissafi ɗan Indiya, ya kawo gyara a 1944: r = ½ tanh(2d). Da r = 0,2 ɗin nan nasa yana ba da 21,2. Lamba ɗaya daga gona, amsa biyu a takarda, 25,5 da 21,2, kuma ba wanda ya yi kuskuren lissafi. In an ba ki taswira, fara tambayar da wanne aka yi ta.

Inda abin yake taɓa tukunya: ce an samu waken da ke jure ƙuduji, amma ƙwayar juriyar tana maƙwabtaka da wata da ke sa ƙwayar wake ƙanana, tazara santimorgan 2. Cikin ɗari, biyu ne kawai za su rabu. Don ki samu tabbacin kashi 95 cikin ɗari na ganin ko da ɗaya da suka rabu, sai kin duba wajen tsiro 150, kuma rabin masu rabuwar ne za su zo da haɗin da kike so, sauran akasinsa ne.

Mai Walda Sabon Gari ya rubuta:

Baba Mushe na gode. Ashe shi ya sa wani lokaci na huda kuma ta wuce. Gobe akwai tankin wani mai kura daga Garin Malam, zan goge wurin in zuba kananzir in ga iyakar inda ya bi kafin in sa mahudi.

Ɗan Birni ya rubuta:

Yaya Ƴar Mirriah, ta sa 0,2 ta samu 0,165, ta yi guɗa har Inna ta leƙo zaure. Yanzu ta ce in tambaye ki: a littafinta an ce namijin ƙudan nan na Morgan ba ya musaya sam, mace ce kawai take yi. To in haka ne, santimorgan ɗin da ke taswirar na wane ne, na uwar ko na duka biyun? Ta ce kada in amsa mata da kaina.